Kawu Hoda da Jar Tukunya

Babu wanda ya taɓa zama a layin nan bai ji yadda mai wanki da guga ya zama Kawu Hoda ba. Ko baƙo ne ya zo neman gidan haya, kafin a nuna masa inda famfo yake an ba shi labarin.

A shekarar da abin ya faru ne gwamnati ta turo wa unguwanni kuɗin shirin ko-ta-kwana, wai kada gobara ko ambaliya ta tarar da mutane suna hamma. Aka kafa kwamiti, kwamiti ya zaɓi Ciyaman, ko da yake masu lura sun ce Ciyaman ya riga ya zaɓi kansa tun kafin a shimfiɗa tabarmar zama. Mai shagon fenti ne a bakin titi, mutum mai tumbi da murya, kuma yayan matar mai guga ne, ciki ɗaya. Kuɗi na sauka, sai ga jajayen tukwanen kashe gobara rataye a jikin bango, ɗaya a ƙofar kafinta, ɗaya wajen mai injin niƙa, ɗaya gaban shagon tela, suna ƙyalli kamar an lashe su.

Ranar gwaji aka kafa rumfa a filin da ke bayan famfo, aka jera kujerun roba, jami'ai suka zo a mota suka zauna a inuwa. Aka zuba tsummoki da kananzir a cikin rabin duro aka cinna wuta. Ciyaman ya ɗauki lasifika ya ce ana neman mutum ɗaya wanda ya saba da wuta. To wa ya kai mai guga sabawa da wuta? Mutumin da tun yana saurayi yake hura gawayi a dutsen guga, har gashin bayan hannunsa ya haƙura da fitowa. Ya miƙe cikin farar rigarsa, ya gyara zaman hula, ya karɓi tukunyar kamar an miƙa masa jariri.

Ya zare ƙusar da ke kulle hannun tukunyar kamar yadda aka nuna masa. Ya saita tiyo a kan wuta, ya matsa.

Tukunya ta ce fus, irin ajiyar zuciyar tsohuwar da aka tasa daga barci, ta yi shiru.

Sai ya yi abin da kowa ke yi wa kayan da suka ƙi aiki. Ya girgiza ta, ya buga gindinta a kan dutse, ya juyo da bakin tiyon ya leƙa ciki da ido ɗaya, ya sake matsawa. Ashe akwai sauran numfashi ɗaya a cikinta, kuma shi ta ajiye wa. Farar hoda ta bulbulo ta rufe masa fuska, gira da gemu da ƙofar hanci, ba abin da ake gani sai idanu biyu suna ƙiftawa.

Dariyar da aka yi a filin nan, har mai injin niƙa sai da ya zame daga kan kujera. Wutar kuwa tana ta cinta, sai matar mai guga ce ta kutsa da bokitin ruwan ɗauraya ta sheƙa mata. Da abin ya tsaya nan, da ya wuce kamar kowane abin dariya. Amma sai Ciyaman ya ɗaga lasifika, ya juya wajen jami'ai, yana share hawaye.

"Ranku ya daɗe, kun dai gani da idonku. Kaya mun saya, masu kyau. Horo ne ya rage mana, don mutanenmu har yanzu ba su san gaban tukunya da bayanta ba."

Jami'ai suka gyaɗa kai. Bayan 'yan watanni aka ƙaro wa kwamiti kuɗin horo.

Da mai guga ya koma shagonsa ya wanke fuska, sai ya ga tafukan hannunsa jajur. Fenti ne, ɗanye, bai ma gama bushewa ba. Tsofaffin tukwane ne Ciyaman ya kwaso daga inda aka yar da su, hodar na ciki amma iskar da ke tura ta ta daɗe da tserewa, ya sa aka lanƙwasa allurar agogon da ke nuna ƙarfin iskar kowacce ta tsaya a kan kore, alamar a cike take, sannan ya yi musu wanka da jan fentin shagonsa. Mai guga ya fito da hannuwa a buɗe yana nuna wa mutane. Tela ya duba tafin, ya duba gemun da bai gama fita ba, ya ce, "Kawu, ja da fari kenan. Saura launi ɗaya ka zama tuta."

Nan maganar fenti ta mutu. Ba wai mutane ba su gane ba ne, sun gane sarai. Amma yi wa mai guga dariya ba ya jawo wa kowa komai, shi kuwa Ciyaman kowa na da bangon da zai so a shafe masa wata rana.

Kafin wannan rana, mai guga mutum ne da ba a san shi da riƙo ba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai tebur ɗaya, da bargo a shimfiɗe wanda tsakiyarsa ta yi ruwan ƙasa don zafi, da igiyoyi biyu a bayan gida, da 'yar rediyo a kan taga wadda ba ta kama tasha sai an jingina ta da sabulu. Yana yayyafa ruwa da yatsu, yana gwada zafin dutse a kusa da kunci, kuma bai taɓa haɗa safar wani da ta wani ba. Abin da yake taƙama da shi kenan a duniya: ba a taɓa cewa ya yi aikin shirme ba. Sai ga shi an tsayar da shi gaban jama'a an ce bai san gaba da baya ba, kuma da lasifika.

Tun daga ranar ya ƙudurta abu ɗaya. Ba ya son kuɗin Ciyaman, ba ya son a ɗaure shi, ba ya ma son ban haƙuri. So yake Ciyaman ya tsaya a filin nan, gaban mutanen nan, da ɗaya daga cikin jajayen tukwanen nan a hannunsa, ya matsa.

Shekaru suka yi ta tafiya, dama ba ta zo ba. Ciyaman ba ya taɓa tukunya a gaban mutane, ya fi kowa sanin abin da ya rataya. Kuma abin haushin, bai daina aiko da wankinsa ba, don suruki ne, kuma ba mai fitar da karin wando kamar Kawu. Sau da yawa Kawu kan ɗora dutsen guga a kan wuyan rigar Ciyaman ya tsaya, yana jin zafin na shiga zare, yana kallon bango. Sai a gaɓar ƙarshe ya ɗaga. Idan wuyan riga ya ƙone, sunan wa zai ɓaci? Nasa. Sai ya koma ga sitaci. Ya riƙa zuba wa wandunan Ciyaman sitaci har sai an tsayar da su a ƙasa su tsaya da ƙafarsu, yana fata cinyoyin mutumin su yi magana. Ciyaman ya zo wucewa yana tafiya kamar almakashi, ya ɗaga masa hannu, "Suruki, ka ga aiki! Haka nake so, kada ka rage!"

Ran nan Kawu bai ci abincin rana ba.

Ana nan sai gwamnati ta sake tunawa da unguwanni, da sabon sharaɗi. Kowane layi sai ya fitar da ɗan sa-kai wanda zai riƙa kiran atisayen gobara ba tare da sanarwa ba, kuma duk lokacin da ya busa, shugaban kwamiti ne zai fara isa fili. Albashi babu. Abin da ke akwai shi ne usur, da riga mai ƙyalli, da hular kwano. Da aka karanta wannan a taro, kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Hannu ɗaya ne ya tashi.

"Kawu Hoda!" in ji tela. "Ba ka ƙoshi ba?"

"A ba shi," in ji Ciyaman. "Ai shi ne mai ƙwarewa."

Da Ciyaman ya san abin da ya sa wa hannu, da ya riƙe usur ɗin da kansa. Kawu ya auri ƙanwar Ciyaman shekara da shekaru, ya san lokacin da mutumin ke shiga wanka, ya san lokacin da yake miƙe ƙafa bayan abincin rana, ya san ranar da yake shan maganin wankin ciki. Usur ba ya tashi sai a irin waɗannan lokuta. An ga Ciyaman a fili da tawul da kumfa a kunne. An gan shi da takalmi ƙafa ɗaya. An gan shi da cokali a hannu yana taunawa. Kawu kuwa yana tsaye da hular kwano wadda ta yi masa yawa, fuskar nan ba wasa, yana jera mutane daga famfo zuwa duro, bokiti na bin hannu, yana sa a sake idan an zubar.

Sai dai Ciyaman irin mutanen nan ne da kunya ba ta kama su, kamar ruwa a jikin leda. Ya tsaya da tawul ɗinsa ya buɗe hannuwa ya ce, "Jama'a ku yi haƙuri da surukina, hodar ce ba ta gama fita daga kansa ba." A kwashe da dariya, kuma dariyar ta sake komawa kan Kawu. Abin da kawai aka samu shi ne layin ya iya miƙa bokiti. Har matan da ke cewa ba su da lokacin wasan yara sun san inda kowacce ke tsayawa.

Wata rana da hantsi wayar lantarki ta yi tartsatsi a shagon kafinta, ta faɗa cikin tarin ɓawon katako. Wannan karon usur na gaske ne. Kafinta ya fizgo jar tukunyar da ke ƙofarsa, ya zare ƙusa, ya matsa, ta ce masa abin da ta saba cewa. Kafin layin bokiti ya ci ƙarfin wutar, ta cinye gadaje biyu da ƙofofin mutane da rabin rufin shagon. Da ba don bokitin ba, da shagon tela ya bi.

Kafinta, hannu duk ƙuna, ya ɗauki tukunyar ya nufi shagon fenti, Kawu na biye da shi. Ya dire ta a gaban Ciyaman.

"Ga kayanka. Ka gaya mini me na rataya a ƙofata shekara da shekaru."

Ciyaman bai ko girgiza ba. Ya ɗauki tukunyar, ya duba agogo. "Ka gani, kore take nunawa." Ya juyo da bakin tiyon wajen fuskarsa, ya leƙa ciki, ya matsa hannun da ƙarfi sau biyu. Ba abin da ya fito, shi ma ya san ba abin da zai fito. "Toshewa ta yi. Ƙurar katakonka ce ta cika tiyon. Ku ba kwa kula da kayan gwamnati, shi ne matsalar."

Kafinta ya tafi yana haɗiyar zuciya. Kawu kuwa ya tsaya yana kallon yadda babban yatsan Ciyaman ya danna hannun nan ba ko ɗar. Daga baya ya tambayi mai injin niƙa, ya ce ai shi ma da ya kai ƙorafi haka aka yi masa, sai dai shi ƙurar gari aka ce.

Gobarar kafinta ce ta sa aka aiko da sanarwa. Wata jami'a za ta zo duba layin. Idan ta gamsu, za a kafa musu babban tankin ruwa da injin turawa a bakin fili. Idan ta tarar an yi wasa da kuɗin baya, za a cire layin daga shirin gaba ɗaya, tankin ya tafi wata unguwa. Kuma ga yadda gwajin zai kasance: ɗan sa-kai ne zai zaɓi tukunya, shugaban kwamiti ne zai kashe wuta da ita.

Kawu ya sa aka maimaita masa wannan jimla ta ƙarshe. Ya koma shago ya goge rigar wani har sau biyu bai sani ba.

Kwana kaɗan bayan haka wankin Ciyaman ya zo da ɗigon jan fenti a bakin hannun riga. An sake yi wa tukwane wanka kenan. Washegari kuma sai ga Ciyaman da kansa a ƙofar shagon guga, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a kan benci, benci ya yi ƙara.

"Suruki, ya aiki? Ya ƙanwata?"

"Lafiya lau, Yaya."

"Ka ga wata sabuwar tukunya da na rataya a ƙofar shagona? To ranar nan ita za ka ɗauko. Ta fi kusa da fili, kada mu wahalar da baƙuwa."

"Ai duk kusa suke, Yaya."

"Ita dai za ka ɗauko." Ya sassauta murya. "Ni da kai ai ba ma haka. Abin da ya wuce wasa ne."

"Wasa ne, Yaya," in ji Kawu, yana hura gawayi har tartsatsi na tashi.

Da yamma ya shiga gida yana 'yar waƙa, abin da matarsa ta rabu da ji tun kafin ranar hoda. Tana tsakar gida tana ninke zannuwan gado. Ta dube shi sau ɗaya ta san komai.

"Malam, wacce za ka miƙa masa?"

"Wacce ya miƙa mini."

"Ta ce fus a gaban jami'a."

"Ta ce fus a gaban duniya."

"Sai kuma a ɗauke tanki."

Ya daina waƙar.

"Riƙe mini nan," ta ce, ta miƙa masa gefen zane. Suka ja, suka haɗa kusurwa. "Ni ban hana ka ramawa ba. Yayana ne, na riga ka saninsa. Tun muna yara shi ke fasa kwano ni a dake ni. In ka same shi ka ƙara masa da nawa. Amma ka je ka dubi hannun kafinta tukuna. Shi me ya yi maka? In wuta ta sake tashi, da dariyar da aka yi wa Yaya za a kashe ta?"

"To in bar shi kenan? In ɗauko masa sabuwa, ya kashe wuta, a tafa masa, a ɗauke shi hoto?"

"Ni ban ce ba. Kai ne mai hular kwano, ka yi tunani."

Kwana biyu yana tunani, guga na fita ba daɗi. Idan ya miƙa marar iska, ya rama, layi ya rasa tanki, kuma duk gobarar da ta biyo baya da hannunsa a ciki. Idan ya miƙa sabuwar, ya mutu yana Kawu Hoda, Ciyaman kuwa ya ƙara tumbi. A rana ta uku yana yayyafa wa wata riga ruwa sai hannunsa ya tsaya a sama. Ya tuna babban yatsan nan a kan hannun tukunya, da idon nan a bakin tiyo. Ya ajiye dutsen guga a kan mazauninsa a hankali, ya zauna, ya yi wata dariya da ta sa kazar maƙwabta barin ƙofar shagon.

Rediyonsa ya sayar. Da tsakar rana, lokacin da tela ya tafi cin abinci, ya sauke tukunyar da ke ƙofar shagon telan. Ita ce ta ranar nan, ya gane ta da lotsawar gindi inda ya buga ta a dutse, fenti bai ɓoye ba. Ya naɗe ta cikin zannuwan gado ya ɗaure a bayan keke. Ba wanda ke kallon ƙunshin mai wanki sau biyu. Ya tuƙa har can ƙetaren gari, inda masu cika irin waɗannan tukwane suke.

Mai cikawar ya juya ta, ya ƙwanƙwasa gilashin agogo. "Baba, wane mugun ne ya lanƙwasa allurar nan?"

"Wani ɗan'uwa ne. Bar ta yadda take. Kai dai ka zuba sabuwar hoda, ka ba ta iska har wuya."

"Akwai iyakar da ba a wucewa, Baba."

"To kai ta iyakar, ka tsaya a kanta."

Kafin tela ya gama hira a wajen mai shayi, tukunya ta koma kan ƙusarta.

Ana gobe gwaji Ciyaman ya aiko da kaya kala biyu, farare da wata baƙar kwat, a goge duka zai zaɓa. Kawu ya kai masa da kansa.

"Yaya, in ka bi ta tawa, baƙar nan za ka sa. Ita ke fito da kai a hoto."

"Ka ga masu ido," in ji Ciyaman.

Jami'ar da ta zo ba irin ta rumfa ba ce. Mace ce siririya mai tabarau da takalmin ƙasa, ta ƙi zama, ta ƙi ruwan kwalba, ta ce a kunna wuta. Kawu ya busa usur, layin bokiti ya jeru kafin ta gama goge tabarau, ta ɗan ɗaga gira. Sannan ta ce ɗan sa-kai ya kawo tukunya.

Kawu ya gyara igiyar hular kwano. Ya taka ya nufi shagon fenti, Ciyaman na murmushi. Ya iso gaban sabuwar tukunya, ya dube ta kamar mai duba kaya a kasuwa, ya wuce. Ya wuce ƙofar kafinta. Ya tsaya a shagon tela ya sauke ta can, ya rungumo ta, ya dawo a hankali, ba gaggawa, don tafiyar da ya daɗe yana jira ce kuma ba ya son ta ƙare da wuri.

"Suruki," in ji Ciyaman ta gefen baki, murmushin na nan amma ya bushe, "ba wannan ba."

"Duk ba naka ba ne, Yaya? Ga shi kore take nunawa."

"Za mu haɗu a gida."

"In Allah ya yarda. Ga ƙusar nan, ita ake fara zarewa."

Jami'a ta ce, "Shugaba, wuta na jira."

Ciyaman ya karɓa. Ya duba jama'a, ya duba wuta, ya duba jami'a, gumi na bin wuyan rigar da aka sa wa sitaci. Sai dabararsa ta zo masa, tsohuwar abokiyar da ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ya zare ƙusa, ya yi gyaran murya.

"Ranki ya daɗe, kafin a yi amfani da kowace tukunya, ƙwararre yakan duba tiyo. Wannan ta kusa da tela ce, ina jin zare da ƙura sun toshe ta. Bari ki gani, sai a kawo wata."

Ya juyo da bakin tiyon. Ya leƙa da ido ɗaya. Ya danna da dukkan ƙarfin mutumin da ya san babu komai a ciki.

Ƙarar da ta fito ba fus ba ce. Mutanen layin baya sun ce sun ɗauka tayar babbar mota ce ta fashe. Hular Ciyaman ta yi sama. Farin gajimare ya haɗiye shi tun daga kai har gwiwa, kuma don firgita sai yatsan ya ƙara maƙalewa, ya riƙa juyawa a wuri ɗaya yana yi wa kansa feshi gaba da baya, kamar mai tsoron kada wani gefe ya yi ƙorafi. Da ƙurar ta lafa, ga wani farin mutum a tsaye cikin kwat da ba wanda zai rantse baƙa ce, yana tari, kowane tari da ɗan hayaƙinsa.

Kafinta ne ya fara, da wata dariya mai kama da kuka, sannan kowa ya bi. Tela ya kwanta a ƙasa. Matar Kawu ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ita kanta jami'ar sai da ta juya baya tana gyara tabarau da ba abin da ya same shi.

Kawu bai yi dariya ba. Ya karɓi tukunyar daga hannun Ciyaman, ya matsa kusa da duro, ya saita gindin wutar, ya share ta da abin da ya rage, dama da hagu, har ta mutu murus. Sannan ya ɗauki lasifika daga kan tebur. Jama'a suka kasa kunne, don kowa ya san shekarun da ya yi yana tanadin magana. Shi ma ya sani, ya sha shirya ta a kan teburin guga, da farkonta da ƙarshenta. Ya dubi surukinsa tun daga sama har ƙasa, a tsanake, ya ga ba abin da magana za ta ƙara.

"A kawo wa Ciyaman ruwa," ya ce.

Jami'a ta ce ta ga tukunya mai aiki, ta ga layin bokitin da ba ta ga irinsa ba a duk inda ta zaga, za ta sa hannu a kan tanki. Amma za ta dawo ba sanarwa, kuma a ranar duk tukunyar da ke jikin bango sai an matsa ta. Ta ƙara da cewa daga yanzu 'yan kwana-kwana ne za su riƙa sayen kaya, kwamiti ya tsaya ga tara mutane.

Kawu ya ɗauko tsumma yana kakkaɓe wa Ciyaman kafaɗa, cikin ladabi, kamar yadda ya dace mijin ƙanwa ya yi wa babba.

"Ka ji ta, Yaya. Tukunya ɗaya kawai na iya cikawa, rediyo ɗaya gare ni. Wurin yana ƙetaren gari, zan kwatanta maka. Kwat ɗin kuma ka aiko da wuri, hodar nan in ta kwana tana kama zare."

Ciyaman ya buɗe baki, hoda ce kawai ta fito.

Kafin mako ya zagayo an ga motar ɗaukar fenti tana kwasar tukwane tana dawowa da su, an kuma ga sababbin agogo a jikinsu. Tanki ya zo, yana nan a bakin fili, yara na jingina da inuwarsa. Ciyaman ya ajiye shugabanci, wai don lafiya. Wankinsa dai har yau Kawu ke yi, kuma sitaci ya koma daidai.

Sunan ne bai tafi ba. Sunan da layi ya raɗa ba ya fita da sabulu, har jikokinsa Kaka Hoda suke ce masa, yana amsawa. Kwanan baya tela ya leƙo shagon, ya same shi yana gwada zafin dutse a kusa da kunci.

"Kawu Hoda, duk abin da ka yi dai kai ka fara sha. Yanzu ku biyu ne a layin, kai da surukinka, ba wanda ya fi wani."

Kawu ya yayyafa ruwa, ya ɗora dutse, tururi ya tashi.

"A'a, tela, kada ka haɗa mu. Ni ɗan abin da ya rage a gindi aka ba ni. Shi kuwa yayan matata ne, ina ni ina ba shi ragowa? Cikakkiya na kai masa."